Ganuwa Kan Rushe, Sunanta Ya Wanzu: Asalin Kalmomin Tsaron Gari a Harshen Ingilishi

Gabatarwa

A duk ranar Asabar ko Lahadi, matasa masu sha'awar ƙwallon ƙafa kan cika gidajen kallo a Kano da Zariya da Maraɗi, suna ta musu a kan Manchester da Newcastle da Arsenal. Da wuya a sami ɗaya daga cikinsu da ya taɓa lura cewa waɗannan sunaye uku duk na yaƙi ne. Ƙarshen sunan Manchester yana nufin sansanin sojojin Rumawa, Newcastle kuwa ma'anarsa sabuwar kagara, shi kuma Arsenal asalinsa Larabci ne, sunan gidan da ake ƙera kayan yaƙi. Kuma abin bai tsaya ga sunayen garuruwa da ƙungiyoyi ba. Akwai kalmomi da dama da ɗalibi ke cin karo da su kullum a littattafan Ingilishi, har da na ilimin halittu, waɗanda a gindin ganuwa aka haife su.

Idan aka sare tsohuwar itaciya a ƙasar da ake samun rani da damina ko sanyi da zafi, akan ga zobba-zobba a gindinta, kowane zobe na nuna shekara guda, kaurinsa kuma na nuna ko an yi ruwa a shekarar ko an yi fari. Kalmomin tsaron gari a harshen Ingilishi haka suke, hawa-hawa. Kowane hawa wata al'umma ce ta kawo shi, ko kuwa wani sabon makami ne ya tilasta samuwarsa. Wannan maƙala za ta bi waɗannan hawa-hawa ɗaya bayan ɗaya, daga na can ciki zuwa na waje, domin mai karatu ya ga yadda harshe ke riƙe abin da dutse da ƙasa suka kasa riƙewa.

Yadda ake gano asalin kalma

Binciken asalin kalmomi ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma ƙa'idarsa ta farko ita ce wadda masu iya magana suka riga suka faɗa, wato kama da wane ba ta wane. A fannin ilimin halittu, jemage yana da fukafukai yana tashi kamar tsuntsu, amma haihuwa yake yi yana shayarwa, saboda haka ba a lissafa shi cikin tsuntsaye. Haka nan kalmomi biyu na iya yin kama a kunne alhali babu dangantaka tsakaninsu.

Don kauce wa irin wannan kuskure, masana kan dogara da hujjoji iri biyu. Na farko, tsofaffin rubuce-rubuce waɗanda aka san lokacin da aka yi su, domin su ne ke nuna yaushe kalma ta fara bayyana da kuma ma'anarta a lokacin. Na biyu, sauye-sauyen sauti, domin sauti ba ya canzawa da ka, yana bin tsari. Alal misali, a zamanin da Daular Rum ke kan ganiyarta, harafin "v" na harshen Latin kamar "w" ake furta shi, daga baya ne furucinsa ya canza. Saboda haka duk kalmar Latin da ta shiga Ingilishi da sautin "w", kamar "wine" daga "vinum", an are ta ne tun da wuri. Wadda ta shigo da sautin "v" kuwa, baƙuwa ce ta baya-bayan nan. Da irin wannan ma'auni ake sanin shekarun kalma, kamar yadda makiyayi ke sanin shekarun saniya da haƙoranta.

Hawa na farko: sansanin Rumawa

Rundunonin Rumawa sun shiga tsibirin Birtaniya a shekarar 43 Miladiyya, a zamanin Sarki Claudius, kuma mulkinsu ya ɗore har zuwa wajen shekarar 410. Al'adar sojan Rum ce duk inda dare ya riske shi a fagen yaƙi sai ya haƙa rami kewaye da masaukinsa, ya tara ƙasar da ya haƙo ta zama tudu, sa'an nan ya kafa itatuwa masu tsini a bisa tudun. Kowane itace guda sunansa "vallus", tudun da jerin itatuwan gaba ɗaya kuma "vallum". Daga nan kalmar "wall" ta fito, wadda a yau take nufin kowane irin bango ko katanga. Sautin "w" da ke farkonta shaida ne cewa kakannin Ingilishi sun are ta tun suna zaune a arewacin Jamus, kafin su ƙetara teku zuwa Birtaniya. Tazarar da ke tsakanin tudun tsaro da tantunan sojoji kuwa ita ce "intervallum", wadda ta haifi "interval", kalmar da malaman lissafi ke amfani da ita a yau wajen nuna tazara tsakanin lambobi biyu.

Mafi girman aikin Rumawa a tsibirin shi ne ganuwar da Sarki Hadrian ya ba da umurnin ginawa a shekarar 122, wadda ta ratsa arewacin Ingila daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku, tsawon kimanin kilomita 117. Garin da ke ƙarshenta ta gabas har gobe sunansa Wallsend, wato ƙarshen ganuwa.

Shi kansa sansanin, Rumawa na kiransa "castra", tilonsa "castrum". Da ƙabilun Angil da Sakson suka iso a ƙarni na 5, sai suka tarar da kufan waɗannan sansanoni, suka riƙa kiran kowane tsohon garin Rumawa mai ganuwa "ceaster". Wannan kalma ita ce ke maƙale a ƙarshen Manchester da Winchester, haka kuma ita ce sunan garin Chester ɗungurungum, inda runduna ta ashirin ta Rumawa ta yi zama mai tsawo. A arewacin ƙasar ta riƙe sautin "k", shi ya sa ake da Lancaster da Doncaster, a wasu wuraren kuma ta lanƙwashe ta zama ƙarshen Leicester da Gloucester. Wanda duk ya shimfiɗa taswirar Ingila ya ɗiga alama a kan irin waɗannan sunaye, zai ga ya fitar da kusan taswirar mulkin Rumawa.

Abin sha'awa shi ne, wannan kalma ba yamma kaɗai ta nufa ba. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa daga "castrum" ne Larabci ya sami "ƙasr", wato fada ko babban gini mai tsaro. Jam'inta "al-uƙsur" shi ne asalin sunan garin Luksor na ƙasar Masar, inda Rumawa suka taɓa kafa sansani a cikin tsohon wurin bautar Fir'aunoni. Daga "al-ƙasr" kuma mutanen Sifen suka sami "alcázar" a zamanin Andalus. Ke nan Manchester da Luksor 'yan uwan juna ne ta wajen suna. Sai dai kada mai karatu ya haɗa wannan da sallar ƙasaru da matafiyi ke yi, domin ita daga saiwar Larabci mai ma'anar gajartawa ta fito. Wannan ma wani misali ne na jemage da tsuntsu.

Hawa na biyu: garuruwan Sarki Alfred

Ƙabilun Angil da Sakson sun zo da nasu kalmomin. Ɗaya ita ce "tun", wadda ke nufin wurin da aka kewaye da shinge. 'Yar uwarta a Jamusanci, "Zaun", har yanzu shinge take nufi, ta harshen Holan kuma, "tuin", lambu. A Ingilishi kuwa ma'anar ta tashi daga shingen ta koma kan gidajen da ke cikinsa, har ta zama "town", wato gari, ta kuma bar wutsiyarta a ɗaruruwan sunaye irin su Southampton da Brighton. Bahaushe ba zai yi mamakin haka ba, domin kalmar kafi, wato shingen itatuwa da ake kewaye ƙauye da shi don tsaro, ita ce ta ba da sunayen Kafin Hausa da Kafin Madaki.

Kalma ta biyu ita ce "burh", wato wuri mai ganuwa. Ta sami ɗaukaka ne a zamanin Sarki Alfred na ƙasar Wessex, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. A lokacinsa mayaƙan teku daga ƙasashen Denmak da Norwe, waɗanda ake kira Viking, sun cinye mafi yawan masarautun Ingila. Bayan da Alfred ya fatattake su a yaƙin Edington a shekarar 878, sai ya fahimci cewa nasarar rana guda ba ta isa ba. Ya shiga gina garuruwa masu ganuwa a faɗin ƙasarsa, aka tsara su ta yadda da wuya manomi ya yi tafiyar da ta wuce ta yini guda, kimanin kilomita 32, bai sami mafaka ba.

Akwai wata takarda ta farkon ƙarni na 10, wadda masana tarihi ke kira Burghal Hidage, da ta lissafa irin waɗannan garuruwa 33. A cikinta an bayyana cewa kowane yanki na gona mai iya ciyar da gida guda zai ba da mutum ɗaya, kuma ana bukatar mutum huɗu su tsare kowane yadi biyar da rabi na ganuwa. An ware wa garin Winchester gonaki 2,400, wato mutum 2,400, waɗanda bisa wannan lissafi za su tsare ganuwa mai tsawon ƙafa 9,900. Da masu bincike na zamani suka auna tsohuwar ganuwar garin, bambancin da suka samu bai kai ƙafa 100 ba. Wannan ya nuna cewa "burh" aiki ne na gayya, jama'ar ƙasa ke gina shi, su gyara shi, su kuma fake a cikinsa.

Da yake kasuwa da shari'a da buga kuɗi duk sun taru a bayan ganuwa, sai ma'anar kalmar ta koma gari mai 'yancin gudanar da harkokinsa. Ita ce "borough" ta yau, wadda ake kiran ƙananan hukumomin birnin Landan da ita. Ita ce kuma a ƙarshen Middlesbrough da Edinburgh, wani reshen nata kuma shi ne na Canterbury, wato ganuwar mutanen Kent. Danginta ne ke ƙarshen Hamburg a Jamus, kuma daga "bourg" na Faransanci aka sami "bourgeois", wato mazaunin birni, kalmar da daga baya masana siyasa suka ɗora wa masu jari. Matsayin "burh" a sunayen Ingila daidai yake da na birni a sunayen Birnin Kebbi da Birnin Gwari da Birnin Konni.

Hawa na uku: kagarar Normawa

A ranar 14 ga Oktoba, 1066, Wiliyam mai mulkin Normandi a arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi a fagen Hastings. Normawa sun zo da harshen Faransanci, sun kuma zo da wani irin gini da bai yaɗu a ƙasar ba kafin zuwansu. Sunansa "castel", daga "castellum" na Latin, wato ƙaramin "castrum". Ta haka tsohuwar kalmar Rumawa ta sake shiga Ingilishi karo na biyu ta wata ƙofa, ta zama "castle". A nan ma tsarin sauti ya ba da shaida. Faransancin birnin Faris ya mayar da sautin "ka" na Latin zuwa "ca", daga baya "sha", shi ya sa a can ake cewa "château". Karin harshen Normawa kuwa ya bar shi yadda yake. Saboda haka sautin "k" na farkon "castle" tambarin Normawa ne.

Sauyin kalma a nan sauyin mulki yake nunawa. "Burh" gari ne na kowa da kowa, "castle" kuwa gidan mutum guda ne da dakarunsa, an gina shi ne don a mallaki jama'ar da aka ci da yaƙi. Littafin ƙidayar dukiya na Domesday, wanda aka kammala a 1086, ya nuna cewa a garin Lincoln kaɗai gidaje 166 aka rushe don a sami filin gina kagara. A 1080 ne Robert, ɗan Sarki Wiliyam, ya gina wata a bakin kogin Tyne, aka kira ta sabuwar kagara, wato Newcastle. A Landan kuma aka fara gina Farar Hasumiya wajen 1078, wadda har yanzu tana tsaye a bakin kogin Thames.

Kagarorin farko na ƙasa da itace ne. Akan haƙa rami a kewaye, a tara ƙasar a tsakiya ta zama tudu, a gina hasumiya a kansa. Sunan tudun "motte". Amma da tafiya ta yi tafiya, sai sunan ya zame daga kan tudun ya faɗa cikin ramin, ya zama "moat", wato gwalalo. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin rami da tudu aiki guda ne ke haifar da su, kamar yadda magina ganuwa a ƙasar Hausa ke ɗibar ƙasa daga gwalalo. Irin haka ya faru da tsohuwar kalmar Ingilishi "dic", wadda ta rabu biyu, "ditch" rami, "dyke" kuma tudun tare ruwa. Filin da ke gindin tudun, wanda aka kewaye da katanga, shi ne "bailey", kuma babbar kotun hukunta masu laifi ta Landan ta sami laƙabin Old Bailey ne saboda titin da take kai ya bi layin tsohuwar ganuwar birnin.

Babbar hasumiyar kagara, inda maigida ke zaune, ita ce "donjon", wadda mafi yawan masana ke dangantawa da "dominus" na Latin, wato ubangida. Bayan da masu sarauta suka koma gidaje masu daɗin zama, sai aka mayar da tsofaffin hasumiyoyin kurkuku. A yau "dungeon" ɗakin duhu ne na ƙarƙashin ƙasa da ake jefa fursuna. Kalmar ta sauko daga ƙololuwar gini zuwa ƙarƙashinsa, daga ɗakin sarki zuwa na ɗaurarre.

Su ma masu kai hari sun bar nasu gādon. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce su haƙa rami ƙarƙashin ganuwa, su tokare shi da itatuwa, sa'an nan su cinna wuta. A 1215, lokacin da Sarki John ya yi wa kagarar Rochester ƙawanya, ya aika a kawo masa aladu arba'in masu ƙiba, aka yi amfani da kitsensu wajen rura wutar, har kusurwa guda ta hasumiyar ta rufta. Wannan aiki shi ne ainihin ma'anar "undermine", wadda a yau ke nufin yi wa mutum zagon ƙasa. Wata dabarar kuma ita ce hasumiyar katako mai ƙafafu da ake turawa jikin ganuwa, sunanta "berfrei". Daga baya aka riƙa kiran hasumiyar tsaron gari da wannan suna, kuma da yake akan rataya ƙararrawa a cikinta, sai Turawan Ingila suka zaci kalmar na da alaƙa da "bell", suka gyara ta ta zama "belfry". 'Yar siririyar kafar da maharbi ke sakin kibiya ta cikinta kuwa ita ce "loophole". A yau lauyoyi ne suka gaje ta, suna nufin giɓin da ke cikin doka wanda mai wayo ke sulalewa ta ciki. Dama an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hawa na huɗu: albarushi da magina na Italiya

Doguwar katangar dutse ta yi ƙarnoni tana gagarar mahara, har zuwa lokacin da igwa ta ƙasaita. A ranar 29 ga Mayu, 1453, Sarkin Musulmi Muhammadu na Biyu na Daular Usmaniyya ya ci birnin Kustantiniyya, wato Santambul ta yau, bayan manyan igwoyinsa sun yi makonni suna dukan ganuwar da ta yi shekara dubu a tsaye. A 1494 kuma Sarki Charles na Takwas na Faransa ya ratsa Italiya da igwoyin tagulla masu sauƙin ja, kagarori suka riƙa faɗuwa a gabansa cikin 'yan kwanaki.

Magina na Italiya suka sake lale. Suka gane cewa tsawo ya zama aibi, domin doguwar katanga ita ce harsashi ya fi saurin kayarwa. Sai suka koma gina ganuwa gajera mai kauri, cike da ƙasa wadda ke shanye ƙarfin harsashi, da kusurwoyi masu tsini da suka fito waje, ta yadda kowace kusurwa ke kare 'yar uwarta da wuta. Da wannan fasaha ta bazu a Turai, sai ta tafi da kalmominta, mafi yawansu suka shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci a ƙarni na 16 da na 17. Kusurwar nan mai tsini ita ce "bastion", daga aikatau mai ma'anar ginawa. "Parapet" daga "parapetto" take, wato kāre ƙirji, domin ita ce 'yar katangar da ke kare ƙirjin mayaƙin da ke tsaye a kan badala. "Citadel" daga "cittadella" ta fito, wato ƙaramin birni a cikin birni. Ita kanta igwar, "cannon", ma'anarta babban bututu, daga "canna", wato kara ko gora. "Fort" da "fortress" kuwa daga "fortis" na Latin suke, wato mai ƙarfi, kuma daga wannan saiwa aka sami "comfort", domin asalin ma'anarta ƙarfafa wa mutum zuciya.

Akwai kalma guda a wannan hawa da tarihinta zai tuna wa Bahaushe da nasa harshen. A Latin "munitio" na nufin aikin gina ganuwa. A Faransanci ta zama "la munition", ta koma nufin kayan yaƙi. Sojoji suka riƙa jin ta kamar "l'amunition", suka yanka kalmar ba a gaɓa ba, Ingilishi kuma ya ari kuskuren ya zama "ammunition", wato harsasai. Haka Hausa ta haɗiye "al" ta Larabci a cikin alƙalami da albasa da alƙali.

Hawa na biyar: tsintuwa daga nesa

Larabci ya ba da nasa kason. "Dar as-sina'a", wato gidan sana'a, shi ne ya zama sunan babbar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da makamai ta birnin Venice a Italiya, daga nan ya shiga Ingilishi a matsayin "arsenal". Ma'aikatan gidan makamai na Woolwich a Landan ne suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a 1886, shi ya sa har yanzu igwa ce tambarinta. Ke nan kalmar sana'a ta Hausa da sunan wannan ƙungiya daga tsatso guda suke. Haka nan "makhazin", wato rumbuna ko ɗakunan ajiya, ta zama "magazine", ɗakin ajiye albarushi a cikin kagara. A 1731 Edward Cave ya fara buga wata mujalla a Landan ya sa mata wannan suna, da nufin rumbun ilimi, daga nan sunan ya bi kowace mujalla.

Yaƙe-yaƙen mulkin mallaka su ma sun ƙara wasu. Sojojin Birtaniya da suka gwabza da mayaƙan Mahadi a Sudan a shekarun 1880 sun yaɗa kalmar "zareba", daga "zariba" ta Larabci, wato shingen ƙaya. Daga Afirka ta Gabas suka ɗauko "boma" ta harshen Swahili, daga Afirka ta Kudu kuma "laager", wato sansanin da aka kewaye da kekunan shanu.

Aron bai tsaya a hannu ɗaya ba. "Barraca" a harsunan ƙasar Sifen bukka ce ta wucin gadi, Faransawa suka mayar da ita "baraque", Ingilishi ya karɓa a ƙarni na 17 ya ce "barracks". Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, sai kalmar ta zama bariki. A bakin Bahaushe kuma ta yi sabon reshe, domin zaman bariki da ɗan bariki sun wuce maganar gidan soja, suna nuni da wata irin rayuwa ta nesa da idon iyaye da dangi.

Bayan an ajiye makamai

Ganuwa kan rasa amfaninta, amma kalma sai dai ta sake sana'a. A harshen Holan "bolwerk" tudun tsaro ne na ƙasa da gungume. Ingilishi ya are ta ta zama "bulwark", Faransanci kuma ya mayar da ita "boulevard". A 1670 Sarki Louis na Goma Sha Huɗu ya ba da umurnin rushe ganuwar birnin Faris, domin ya mayar da tsaron ƙasarsa kan iyakoki, inda injiniyansa Vauban ke gina kagarori. A gurbin ganuwar aka shimfiɗa faffaɗan titi aka dasa itatuwa, titin kuma ya gaji sunan tudun da ya maye. Shi ya sa manyan titunan birnin Yamai, irin su Boulevard Mali Béro, ke ɗauke da sunan tudun yaƙi. A birnin New York na Amurka ma, mutanen Holan sun kafa katangar katako a 1653, Ingilishi suka cire ta a 1699, amma titin da ya bi gurbinta, Wall Street, shi ne ya zama cibiyar hadahadar kuɗi. "Campus" a Latin fili ne, musamman wanda sojoji ke atisaye a cikinsa. Daga gare ta aka sami "camp", sansani, da "campaign", fita yaƙi, wadda 'yan siyasar ƙasar Hausa suka mayar kamfe. A ƙarni na 18 kuma aka fara kiran harabar kwalejin Princeton ta Amurka da ainihin kalmar, daga nan ta zama sunan harabar kowace jami'a.

Ɗalibin ilimin halittu ya fi kowa cin gajiyar wannan gādo. A 1665, da Robert Hooke ya leƙa ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi ta madubin ƙara girma, abin da ya gani bangaye ne na ƙwayoyin halitta da suka riga suka mutu, kuma har yau "wall" ake kiran wannan bango da ke kare ƙwayar halittar tsiro. Idan aka yanka ganye aka duba, a ƙarƙashin fatarsa ta sama akwai dogayen ƙwayoyi jere a tsaye, waɗanda su ne suka fi yin aikin harhaɗa abinci daga hasken rana. Sunansu "palisade", wato kafi, daga "palus" na Latin mai nufin turke, domin kamar itatuwan kafi suke tsaye. A can ƙarshen harshen ɗan Adam kuma akwai wasu 'yan tuddai, yawanci takwas zuwa goma sha biyu, kowanne kewaye da ɗan rami da ɗan bango, a jikin ramin kuma akwai ƙwayoyin ɗanɗano. Masana sassan jiki suka kira su "circumvallate", wato waɗanda aka kewaye da "vallum". Tudun da sojan Rum ya haƙa shekaru dubu biyu da suka wuce yana nan a bakin kowa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa kalmomin tsaron gari a Ingilishi kundin tarihi ne mai tsari: sansanin Rumawa a ƙasa, garin gayya na Alfred a bisansa, sai kagarar Normawa, sai fasahar Italiya, sa'an nan tsintuwar 'yan kasuwa da 'yan mulkin mallaka. Amma abin lura shi ne, masana sun iya karanta wannan kundi ne domin akwai waɗanda suka rubuta kalmomin tun suna raye, akwai kuma waɗanda suka auna ganuwar Winchester kafin a gwada ta da tsohuwar takarda.

Ganuwar Kano, wadda littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa wajen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ta zaizaye a wurare da dama, gine-gine sun hau gurbinta. Sunayen Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Ruwa suna nan a bakin direbobi da 'yan kasuwa, amma yaran da za su iya bambanta badala da gwalalo da kafi da ribaɗi sai raguwa suke yi. Akwai dattawa da tsofaffin magina da suka san ma'anar kowace ɗaya da wurin da take a jikin ganuwa. Aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsuna da tarihi da binciken kufai na jami'o'i su je su same su, da alƙalami da igiyar awo, tun suna da rai.